BAƘO RAƁA: GANIN FARKO NA MALAMAN SA-KAI A ƘASAR HAUSA



Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan karin magana gaskiya ne, amma akwai ganin da ba ya korar komai, sai ma ya ƙara wa mai shi duhun kai, watau ganin farko da baƙo kan yi ranar da ya sauka a ƙasar da bai san harshenta ba, bai kuma san tarihinta ba. Wannan lacca za ta yi magana ne a kan irin wannan gani, ta hanyar bin sawun samari da 'yan matan da suka zo Nijeriya daga Ingila da Amurka da Kanada don su koyar a makarantu bisa sa-kai, tun daga wajejen samun mulkin kai. Za a dubi abin da ya kawo su, da abin da idanunsu suka fara faɗawa a kai, da abin da ya ɓoye musu, musamman a ƙasar noma irin ta Funtuwa da Malumfashi da Gozaki. Daga ƙarshe za a duba darasin da ke ciki ga 'yan ƙasar nan, domin a yau su ma ana tura su wasu ƙasashe su yi irin wannan aiki.

Asalin malaman sa-kai

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai cikin 1960, babbar matsalar ilmi ita ce ƙarancin malamai, a Jihar Arewa kuwa abin ya fi tsanani. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano an buɗe ta ne cikin 1909, Kwalejin Katsina kuma aka yi bikin buɗe ta cikin 1922, amma har zuwa ƙarshen mulkin Turawa makarantun sakandare na Arewa ba su taka kara sun karya ba, masu digirin da za su koyar a cikinsu kuwa sun fi su ƙaranci. Kwamitin da Sir Eric Ashby ya shugabanta, wanda ya miƙa rahotonsa cikin 1960, ya nuna cewa ƙasar ba za ta iya faɗaɗa makarantunta ba sai ta yi aron malamai daga waje kafin nata su isa.

A daidai wannan lokaci ne aka kafa ƙungiyoyin sa-kai a ƙasashen Turawa. Ta Ingila, wadda aka fi sani da VSO, Alec Dickson da matarsa Mora ne suka kafa ta cikin 1958. Shi Dickson ɗin nan ba baƙon wannan yanki ba ne, gama shi ne ya fara horad da matasa a Man O' War Bay, a Kamaru ta Ingilishi, a farkon shekarun 1950. 'Yan VSO na farko yara ne da suka gama sakandare, ba su ko shiga jami'a ba. Ta Amurka, watau Peace Corps, Shugaba Kenedi ne ya sa hannu a kan umarnin kafa ta ran 1 ga Maris 1961, ya kuma ɗora surukinsa Sargent Shriver a kanta. Kanada ma ta kafa tata, CUSO, cikin 1961 ɗin.

Ya kamata a bambanta waɗannan da malaman kwantaragi, irin Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa da 'yan Filifin waɗanda suka cika makarantun Arewa a shekarun 1970. Malamin kwantaragi albashi ya zo nema, kuma babu laifi a cikin haka. Malamin sa-kai kuwa ɗan abin kashewa ake ba shi, ya yi shekara biyu ko ƙasa da haka ya koma gida. Galibinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma da yawa daga cikinsu ba su taɓa tsayawa gaban aji ba. Haka nan bai kamata a ɗauka cewa gwamnatocin da suka turo su sadaka zalla suka yi ba. Zamanin cacar baka ne tsakanin Amurka da Rasha, kowace tana neman abokai a cikin sababbin ƙasashen Afirka. Su yaran da kyakkyawar niyya suka zo, amma ɗaliban jami'a na wancan zamani sun san da wannan siyasa, shi ya sa suka tsaya suna kallonsu da ido biyu.

Katin Badun

Rukunin farko na 'yan Peace Corps da aka turo Nijeriya an fara horad da su a Jami'ar Harvard, sannan aka kawo su Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1961 don su ƙarasa shiri. A cikinsu akwai wata budurwa mai suna Margery Michelmore, wadda ba ta daɗe da gama Kwalejin Smith ba. Cikin watan Oktoba na shekarar ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gidan waya, irin wanda ba a sa shi cikin ambulan. A ciki ta bayyana cewa duk horon da aka yi musu bai shirya su ga irin ƙazanta da talaucin da suka tarar ba, ta kuma kwatanta yadda mutane ke girki da ciniki, har da biyan bukata, a bakin titi.

Katin bai isa Amurka ba. Ya faɗa hannun wani ɗalibi, aka kwafe shi aka rarraba a cikin kwalejin, ɗalibai suka yi gangami suna neman a kori baƙin gaba ɗaya, suna kiransu 'yan leƙen asiri da 'yan koren mulkin mallaka. Jaridun Nijeriya suka ɗauka, na duniya suka bi. Budurwar ta nemi gafara, ta bar ƙasar, saura kaɗan shirin da bai cika shekara ba ya mutu tun yana cikin zanen goyo. Magana zarar bunu ce.

Abin lura a nan shi ne, ba a zarge ta da ƙirƙiro abin da ba ta gani ba. Abin da ya ɓata wa ɗalibai rai shi ne ta ɗauki ganin 'yan makonni ta mai da shi hukunci a kan ƙasar da ta cika shekara ɗaya tak da samun 'yanci, kuma a birnin da ke da jami'a da asibitin koyarwa da gidan talabijin tun 1959. Ta ga titi, ba ta ga cikin gida ba. Wannan ita ce cutar ganin farko, ido kan tsaya a kan abin da ya saɓa wa na gida, ya tsallake duk abin da ke bukatar harshe da haƙuri kafin a gane shi.

Ba kuma sabon abu ba ne. Kyaftin Clapperton, wanda ya shiga Kano cikin Janairu 1824, ya rubuta cewa ya ji zuciyarsa ta karaya da ganin birnin, saboda irin zuzutawar da Larabawa suka yi masa a hanya, kuma ya caɓa ado da kayan sarkinsa na sojan ruwa amma babu wanda ya bar cinikinsa ya dube shi. Dokta Barth, wanda ya zo cikin 1851 yana jin Larabci yana kuma koyon Hausa, shi ne ya tsaya ya fahimci saƙa da rini da fataucin da suka riƙe birnin. Kano ɗaya ce, masu kallon ne suka bambanta.

Daga Zariya zuwa Gozaki

To, a kwatanta malamin sa-kai da aka turo wata makaranta a kudancin Lardin Katsina a shekarun 1960. Ko dai ya sauka a filin jirgin saman Kano, ko ya hawo jirgin ƙasa daga Ikko ya kwana a hanya ya sauka Zariya, daga nan ya bi reshen da ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Shekarar karatu a zamanin nan cikin Janairu take farawa, saboda haka tsakiyar hunturu zai iso. Abin da zai fara karo da shi shi ne hazo ya rufe rana, leɓe na tsagewa, da sanyin asuba wanda bai taɓa zaton akwai shi a Afirka ba, har ya yi da-na-sanin barin rigar sanyinsa a gida. Gonaki duk an girbe, sai kututturen dawa da jar ƙasa. Gidaje na ƙasa ne, launinsu ɗaya da ƙasar da suke kai. In ya ɗauki alƙalami a daren nan, abin da zai rubuta wa iyayensa shi ne an kawo shi ƙasa busasshiya wadda ba ta fid da komai.

Alhali kuwa yana tsaye ne a kan ɗaya daga cikin ƙasashen noma mafiya albarka a Arewa. Waɗannan jakuna da manyan motoci da ya gani suna tad da ƙura auduga suke ɗauke da ita zuwa kasuwannin awo da injin gurza na Funtuwa, wanda kamfanin auduga na Ingila ya kafa, daga nan ta bi jirgin ƙasa. Wani abin mamaki ma, in Ba'amurke ne, irin audugar da ake kira Allen, wadda aka yaɗa a wannan yanki a farkon ƙarni na 20, asalinta daga ƙasarsu ne. Da zai dawo cikin Agusta ya ga dawa ta fi mahayin doki tsawo, da bai gane wurin ba.

Haka kuma ba zai san cewa ƙauyen da motarsa ta wuce yana da tarihi ba. Gozaki, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, tsohon gari ne mai sarauta tun kafin Jihadin 1804, tana cikin garuruwan kudancin Katsina da Dokta Yusufu Bala Usman ya yi magana a kansu a littafinsa na tarihin Katsina na 1981. Malumfashi mazaunin Galadiman Katsina ce, Funtuwa kuwa ta Sarkin Maska, Maska ɗin da ta shahara da malamai da masaƙa. Babu allo a bakin hanya da zai gaya wa baƙo wannan. A bakin tsofaffi yake, su kuwa tsofaffi ba sa buɗe baki ga wanda bai iya gaisuwa ba.

Akwai abubuwa uku da baƙon kan yi wa mummunar fahimta tun makon farko. Na ɗaya, karatu. Zai ga mutane ba su iya boko ba ya lissafa su cikin jahilai, bai san dattijon da ke zaune a zaure yana karanta littattafan fiƙihu da Larabci ba, yana kuma rubuta wasiƙa da ajami, yaran da ke zagaye da wuta da dare riƙe da alluna kuwa makaranta suke. Na biyu, mata. Zai ga kasuwa da titi kusan duk maza ne, ya ce matan ƙasar ba su da sana'a. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta cikin 1972, ta nuna yawan cinikin hatsi da abinci da mata ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla. Kafin ita ma Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta da aka buga cikin 1954, wanda ya buɗe wa Turawa ƙofar cikin gida. Na uku, gaisuwa. Baƙo kan ga ɓata lokaci ne a tsaya ana ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya iyali, alhali ita ce takardar shiga gari. Wanda ya wuce mutane bai yi sallama ba, ya riga ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa bai sani ba.

A cikin aji

Ranar farko a aji ita ma da nata ruɗani. Malamin ɗan shekara ashirin da biyu zai tarar wasu ɗalibansa sun kusa kai shekarunsa. In ya duba rajista zai ga sunayen garuruwa a jere, wannan Funtuwa, wancan Bakori, wancan Malumfashi, wancan Gozaki, ya zaci 'yan gida ɗaya ne duk masu suna ɗaya, bai san al'adar makarantun Arewa ce yaro ya ɗauki sunan garinsu ba. In ya yi wa yaro magana, yaron ya sunkuyar da kai, sai ya ɗauka rashin gaskiya ne ko taurin kai, domin a ƙasarsu mai gaskiya cikin ido yake duban mutum, a nan kuwa zura wa babba ido rashin kunya ne. In ya tambaya ko an gane, aka ce masa “to”, sai ya wuce gaba, bai san “to” ɗin ladabi ce kawai ba. In ya miƙa wa yaro littafi da hannun hagu, ajin ya yi tsit, ba zai san dalili ba.

Su ma ɗaliban suna nasu ganin farko, kuma shi ma bai cika daidai ba. Sun saba da Baturen mulki wanda ke zaune a barikinsa da kuku da boyi, sai ga wani Bature yana hawan keke, yana zama a kan tabarma, yana sayen ƙosai a bakin hanya. Wasu suka so shi don haka, wasu kuwa suka raina shi, suna cewa da yana da daraja a garinsu da ba a turo shi nan ba. Turancin Ba'amurke ya yi musu nauyi a kunne, gama da na Ingila aka koya musu, kuma jarrabawar da ke gabansu ta Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ce, wadda tsarinta na Ingila ne. Malamin yana son a yi muhawara a aji, su kuwa suna son ya rubuta a allo su kwafa su haddace, domin sun san abin da zai fid da su ranar jarrabawa. Kowane ɓangare na ganin ɗayan bai san karatu ba, sai an yi watanni kafin a haɗu a tsakiya.

Waɗanda suka wuce ganin farko

Wani masanin halayyar al'umma, Kalervo Oberg, ya yi lacca a Birazil cikin 1954 a kan gigicewar da kan sami mutum in ya shiga baƙuwar al'ada, aka buga bayanin nasa cikin 1960. Ya kasa abin mataki huɗu. Da fari komai na burge baƙo, kamar ango a satin biki. Daga nan sai ƙunci ya zo, abinci ya gundure shi, ya riƙa ganin laifin 'yan gari a kan komai, ya nemi 'yan'uwansa baƙi su zauna suna gunaguni. Sai mataki na uku, inda ya fara jin harshe har ya iya yi wa kansa dariya. Na huɗu shi ne ya zauna daram. Hatsarin yana ga wanda ya yanke hukunci yana mataki na biyu, ko ya koma gida bai wuce shi ba, domin wannan hoton zai ɗauka ya riƙa nuna wa mutanensa har ya tsufa.

Waɗanda suka daure suka wuce, wasunsu sun bar abin da ake mora har yau. Paul Newman yana cikin rukunin farkon nan na 1961, rukunin da katin Badun ya kusa watsawa. An tura shi koyarwa a Maiduguri, a can ya kamu da son harsunan wannan yanki. Shi ne ya zama darakta na farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a farkon shekarun 1970, shi da Roxana Ma Newman suka jagoranci ƙamus na Hausa zuwa Turanci da aka buga cikin 1977, ya kuma fitar da babban littafin nahawun Hausa cikin 2000. Russell Schuh ya yi nasa sa-kai a Jamhuriyar Nijar daga 1965 zuwa 1967 a aikin yaƙi da jahilci, ya ƙare rayuwarsa yana nazari da koyar da Hausa da 'yan'uwanta a Jami'ar Kalifoniya, ya rasu cikin 2016. Jirgi ɗaya ya kawo mai katin da mai ƙamus. Abin da ya raba su shi ne ɗaya bai sami zarafin wuce makonnin farko ba, ɗayan kuwa ya zauna ya koyi harshe.

Shirin Peace Corps ya tsaya a Nijeriya cikin 1976, ya dawo na ɗan lokaci daga 1992 zuwa 1995. A Nijar ya ɗore daga 1962 har 2011, sa'ad da aka janye 'yan sa-kai saboda matsalar tsaro.

Baƙunta ta juyo

Ga ɗalibai da ma'aikatan da ke wannan zaure, maganar ba tarihi ce kawai ba. Cikin 1973 gwamnatin Janar Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke ɗauko yaro daga Kalaba ko Badun ya ajiye shi a makarantar ƙauye a ƙasar Katsina, ya kuma ɗauki ɗan Malumfashi ya kai shi bakin teku. Wannan ma baƙunta ce, ko da ba a tsallake iyaka ba. Cikin 1987 kuma, zamanin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Nijeriya ta kafa nata shirin tura ƙwararru 'yan sa-kai, malamai da likitoci da injiniyoyi, su yi shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, irin su Gambiya da Yuganda da Jamaika da Fiji. Watau jikan ɗalibin nan na Gozaki da ya sunkuyar da kai gaban Bature, yau shi ne zai iya sauka a ƙasar da bai san gaisuwarta ba. Katin gidan waya kuma ya koma wayar hannu, abin da ya rubuta cikin ɓacin rai a daren farko zai zagaya duniya kafin gari ya waye.

Saboda haka akwai abin da ya wajaba a kan mai tafiya. Ya koyi gaisuwar mutane kafin ya koya musu komai. Ya rubuta ganinsa na farko a littafinsa na ajiya, ya bar shi nan har ya ga damina da rani na ƙasar, sa'an nan ya sake karantawa. In ya ga abin da ya ba shi mamaki, ya tambayi ɗan gari dalilinsa kafin ya sa masa suna. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Akwai kuma abin da ya wajaba a kan mai masauki, musamman jami'an ilmi da shugabannin makarantu. Baƙon malami da aka bari a tasha babu mai tarbarsa, aka kai shi ɗakin da ba ƙofa, aka yi wata biyu ba a ce masa ci kanka ba, ba za a zarge shi ba in ya tafi da mugun labari. A tarbe shi, a kai shi ya gai da hakimi ko dagaci da limamin gari, a haɗa shi da wani malami ɗan ƙasa da zai riƙa yi masa jagora. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Babban haƙƙin baƙo kuma shi ne amincin ransa. Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, sunan kudancin Katsina ya shiga kunnen duniya ta hanyar da ba a so, kuma malami, na gida ne ko na waje, ba ya zuwa inda ba zai yi barci da ido biyu rufe ba. Yaran ƙauye su ne ke biyan wannan bashi, gama su ne ajinsu ke zama babu malamin lissafi da na kimiyya.

Kammalawa

Magabata sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi take bushewa, amma a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci tana da amfaninta ga shuka. Malaman sa-kai sun zo sun tafi, ba su ne suka gina ilmin Arewa ba, 'yan ƙasa ne suka gina shi, sai dai sun toshe giɓi a lokacin da ake bukata, wasunsu kuma sun koma da sanin Hausa da mutuncin Hausawa zuwa jami'o'in duniya. Wanda ya tsaya a kan ganin farko ya yi hasara, ya kuma jawo wa wasu. Wanda ya yi haƙuri ya koyi harshe ya shiga zaure, shi ne ya amfana ya kuma amfanar. Allah ya sa waɗanda za su fita daga wannan jami'a su zama baƙi na gari inda duk aka tura su, su kuma zama masu masauki na gari ga wanda aka turo musu.